Jirgin Bogumił

Da dare aka yi mini canjin,
ina barci, ba sallama, ba neman izini.
Na tashi na tarar da kwamfutar Bogumił ta sake fuska,
kamar gidanka da aka zuba wa ’yan haya:
ƙofofin suna nan, amma ba inda ka san su ba.
Firinta ta yi gum, wai ba ta san mu ba,
mu da muka shekara goma sha ɗaya muna ciyar da ita takarda.

Wannan duk da sauƙi.
Jiragensa fa?
Shekara talatin da huɗu yana zana jiragen ruwa
a ma’aikatar bakin tekun Gdańsk.
Ya yi ritaya, hannunsa ya ƙi yi,
ya ci gaba a nan, jikin tagar kicin,
da wata tsohuwar manhaja da ya saya a faifai.
Na bi su ina dannawa ɗaya bayan ɗaya.
Sabon tsarin ya ce, a yi haƙuri, wannan ba ya buɗuwa a nan.
Cikin ladabi ya faɗa.
Ladabin ne ya fi ƙona mini rai.

Ran Asabar Jagoda ta zo a taragon lantarki,
dusar ƙanƙara a kafaɗarta.
“Kaka, tsohon nan kamfani ya sallame shi,
ba mai gadinsa yanzu.
Ɓarayin intanet sai yadda suka yi da ke.”
Na ce, to zare igiyar.
Ƙanwata ta Toruń tana da waya, kuma bakinta ba ya gajiya.
Ai da tsohuwar zuma ake magani.
Ta ce, “Wannan ba zuma ba ce, Kaka.”
Amma ta cire safar hannu ta ja kujera.

Ta kwashe hotunanmu cikin wani abu bai kai yatsana ba,
dukan aurena, har da bikin uwarta.
Sai wani shuɗin layi ya kama rarrafe.
A kashi arba’in da ɗaya ya tsaya hutawa.
Na ɗora miyar kabeji, ta nuna, muka ci,
yana nan a arba’in da ɗaya.
Jagoda ta ce kada in taɓa komai.
Ban taɓa ba. Harara kawai nake.

Duhu ya rufe ƙugiyoyin tashar jiragen
kafin allo ya mutu, ya farfaɗo,
ya saki wannan ɗan sautin buɗewa
da nakan jiyo daga gado ƙarfe shida
in san mutumin ya riga ni tashi.
Sai da na dafa bango.

Ta nemi kalmar sirri.
Shekara uku ina shiga ba wanda ya tare ni,
yau ga ƙofa a kulle, mai makullin yana maƙabarta.
Jagoda ta danna wurin tuni. Ga abin da ya bari:
abin da ta ƙona ranar farko.
Yarinya ta dube ni.
Ni kuwa na dubi tukunya.
Shekara hamsin, ashe bai manta ba, ɗan banza.
Da yatsa ɗaya na rubuta: kabeji.

Ga shi nan, na ƙarshen.
Ƙaramin jirgin kamun kifi, farin layi a kan baƙi,
bai kai ga sa masa matuƙi ba.
A goshinsa akwai suna, na matso da tabarau.
Pestka.
Karyarmu. Ba ni ba.
Na yi dariya har Jagoda ta miƙo mini ruwa.

Na sani, ba shi aka dawo mini da shi ba,
ban rikice ba tukuna.
Na’ura ce mai nawa kamar gwiwoyina,
kafin ta gama tashi shayi ya tafasa.
Wata rana za ta ƙi tashin sam.
Kafin nan dai firinta ta tuna da mu.
Tana can tana tari,
tana fito da jirgin kaɗan-kaɗan, ta baya.